Wanda Ya Canja Adireshin Auta

Ƙafafun Auta suna cikin bokitin ƙanƙara lokacin da Baba ya turo ƙofar ɗakin otal ɗin, ko ƙwanƙwasawa bai yi ba. Wakili na biye da shi, ya ci kwat mai ruwan toka, turarensa ya riga shi shigowa.

Auta ta tsani wannan turaren.

Jiya da yamma ta tsallake zagayen kusa da na ƙarshe a tseren mita ɗari takwas. Gobe da yamma ne na ƙarshe, mata takwas kacal daga duk duniya, kuma tana cikinsu. Shekara goma sha ɗaya tana gudu a ƙarƙashin agogon mahaifinta saboda wannan yammacin guda. Ta ɗauka maganar dabarar gobe ce ta kawo su, shi ya sa ta ƙaƙaro murmushi.

"Sannu da zuwa, Baba. Ƙafar ta saki sosai, gobe in Allah ya yarda..."

"Fito daga ruwan nan," ya ce, bai kalle ta ba. "Magana ce ta taso."

Yaya, wadda ke zaune a bakin gado tana naɗe bandeji, ta miƙe tsam ta kawo tawul. Ita ce babbar 'yar Baba, ita ke yi wa Auta tausa, ita ke riƙe mata jaka da fasfo duk ƙasar da aka je. Auta ta lura Yaya ta ƙi haɗa ido da ita, amma ba ta kawo komai a ranta ba.

Wakili ya ja kujera ya harɗe kamar ɗakinsa ne. Shi ke samo wa 'yan tseren Baba gurbi a manyan gasanni, shi ke magana da kamfanonin takalma, kuma wata takwas ke nan yana neman auren Auta da cikakken goyon bayan Baba. Ta ce masa a'a da ladabi, ta ce masa a'a babu ladabi, duk a banza. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu a'a suke ɗauka yanzu aka fara magana.

Ya zaro takarda daga jakarsa, ya saisaita fuska irin ta mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Hukumar gwaji ce ta rubuto. Sun ce sun neme ki ranar sha biyu ga watan jiya, tsakanin shida da bakwai na safe, ba su same ki ba. Na uku ke nan, Auta."

Ta bi takardar da ido.

Duk wanda ke gudu a matakin da take ya san wannan dokar. Kowace rana ta Allah sai ka rubuta a manhajar hukumar inda za a same ka na tsawon awa ɗaya, domin masu gwajin jini da fitsari su faɗo maka babu sanarwa, su tabbatar ba ka shan maganin ƙara kuzari. In suka zo sau uku cikin shekara ba su same ka ba, to ko da babu ɗigon komai a jininka, dakatarwa ce ta shekara biyu.

Auta na da biyu. Na farko jirginsu ne ya kwana a hanya. Na biyu kuwa ranar da aka kwantar da mahaifiyar Zomo, saurayinta, a asibiti ce, ta fita a ruɗe ba ta gyara adireshi ba, kuma har yau Baba bai daina yi mata gori a kai ba.

"Ranar sha biyu?" ta ce. "Ranar sha biyu ai ina gida! Tun da na yi biyu ban ƙara motsawa ko nan da can a wannan awar ba. Ko banɗaki sai na bar ƙofa a buɗe don in ji ƙararrawa. Baba, ba tare muke zama a falo ba? Yaya, ba ke ke kawo min ruwan zafi ba?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Ba gida suka je ba," in ji Wakili. "Sansanin horo suka je, na kan tudu. An shiga manhajarki da yammacin ranar sha ɗaya an canja adireshin."

"Wa ya canja?"

"Wa kika ba lambar sirrinki?" Baba ya jefa mata, sai yanzu ya ɗago ya dube ta. "Wa kika ba? Ki faɗa da bakinki in ji."

Mutum biyu ne a duniya suka san lambar: Yaya da Zomo.

Zomo dai sunan aikinsa ne ya bi shi. A gasannin da ake neman kafa sabon tarihi, akan ɗauki mutum ɗaya ya shiga gaba ya ja sauran da saurin da aka ƙayyade masa, ya tare musu iska, in ya cika zagaye biyu sai ya koma gefe ya bar su su ƙarasa. Shi ake kira zomo. A wannan aikin babu wanda ya kama ƙafarsa. In aka ce masa daƙiƙa hamsin da biyar a zagaye, hamsin da biyar ɗin zai kawo, ba ƙari ba ragi.

Baba kuwa cewa yake yi wanda aka ɗauko don ya tsaya a hanya ba ɗan tsere ba ne, kuma 'yarsa ba za ta auri mutumin da bai san layin ƙarshe ba. Shekara uku Zomo na zuwa gaishe shi yana durƙusawa, shekara uku Baba na amsa masa da ka. A wannan gasar ma ba a amfani da zomaye. Ya zo ne a matsayin abokin atisayen 'yan wasa maza, aka sauke su a otal ɗin da ke ƙetaren titi.

"Na ba shi ne don in ina cikin jirgi ya gyara min," Auta ta ce, hawaye sun fara sauka. "Baba, shi fa ke tuna min da wannan awar. Kullum da yamma sai ya bugo ya ce, Auta kin duba na gobe?"

"Shi ya sa ya san inda zai taɓa ai," Wakili ya ce a tausashe. "Ki yi tunani mana, ke ba yarinya ba ce. In kika ɗauko zinare gobe, kin yi masa nisa ke nan har abada. In aka dakatar da ke shekara biyu kuwa, kin zauna a gida, sai me? Sai aure. Ni namiji ne, na san yadda irinsu ke tunani."

Ta dube shi tun daga takalmin nan nasa mai ƙyalli har zuwa sanƙonsa. Ƙyamarsa ta kama ta har sai da ta ja tawul ta rufe ƙafafunta, don ta ga inda idonsa yake.

Ya zaro wata takardar ya ɗora kan gado, ya ajiye biro a kai.

"Amma Allah bai bar mu haka ba, akwai mafita. Jami'ar hukumar tana nan ƙasa, ta ba mu ƙarfe huɗu. In kika sa hannu cewa ba ke kika canja ba, shi ne ya shiga ba da saninki ba, za su jingine maganarki ki yi gudunki gobe. Lauya ya duba komai."

"Shi kuma fa?"

"Shi kuma ya san ta kansa. Shekara huɗu, wataƙila ma har abada." Ya ɗaga kafaɗa. "Me zai rasa? Dama gudun nasa rabi ne."

"Ba zan sa ba."

"Me kika ce?" in ji Baba.

"Ba zan sa ba, Baba. Sai na ji daga bakinsa."

Baba ya zauna a bakin gado a hankali, yana dafe da gwiwarsa ta hagu, wadda ta lalace tun yana saurayi ta raba shi da gudu. Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi. Sai ya sassauta murya.

"Auta, tun kina shekara goma sha biyar nake tsaye a rana da agogo a wuyana. Ni ban taka irin wannan filin ba, na ce Allah ya nuna min shi ta ƙafar 'yata. Lokacin da mahaifiyarku ta rasu, mutane suka ce in bar ki ki zauna a gida, na ce a'a. An zage ni a kanki, an ce na mai da 'ya mace doki, na toshe kunnena. Yanzu saura kwana ɗaya. Kwana ɗaya, Auta! Shi za ki ɗauka ki zubar saboda wanda ya cuce ki?"

"Baba, don Allah..."

"Kalle ni. Na taɓa roƙonki wani abu?"

Idanunsa sun yi ja, har da ƙwalla. Ba ta taɓa ganin ƙwallarsa ba sai ranar rasuwar mahaifiyarsu. Kuka ya ƙwace mata, ta zube a gabansa ta kama ƙafarsa, shi kuwa ya zare ƙafar ya miƙe.

"Ƙarfe huɗu, ɗakin taro na ƙasa. In kin zo da hannunki a takardar nan, ke 'yata ce. In kin zo babu, ki nemi wani uban."

Suka fita. Turaren Wakili ya ƙi fita.

Ta ɗauki waya ta kira Zomo. A kashe. Ta sake kira, ta sake, har sau bakwai. Mutumin da ko yana wanka yake ɗauka, yau wayarsa a kashe.

A nan ne wani abu ya ɗarsu a ranta wanda ta ji kunyar kanta a kansa. Ta tuna ranar da ya taɓa ce mata cikin wasa, "Ke dai ki bar gudun nan haka, mu huta." Ta tuna yadda ya yi shiru da aka sanar da sunanta cikin masu zuwa gasar. To in fa shi ne? Ta ji kamar ta wanke kanta da sabulu don ta yi wannan tunanin, amma tunanin ya ƙi tafiya.

Ta jawo wasiƙar hukumar tana share ido da bayan hannu. Shafi biyu ne. A na biyun sun buga abin da aka shigar a manhajar harafi da harafi: sunan sansanin, lambar ɗaki, awa. A ƙasa akwai gurbin da ake rubuta kwatance don mai gwaji ya gane wurin.

Ta karanta. Ta sake karantawa.

An rubuta: Daga bakin titi zagaye ɗaya da rabi, gini na biyu a hannun dama.

Hawayen suka ɗauke cak.

Mutum ɗaya ta sani a rayuwarta da ke auna tafiya da zagayen fili. Tun suna yara in zai aike su kanti cewa yake yi, "Zagaye biyu ne kacal, kada in ga kun daɗe." Makarantarsu zagaye bakwai ce daga gida, asibiti goma sha ɗaya. Shekara arba'in yana tsaye a bakin fili har ya manta sauran mutane da mita suke magana. Zomo kansa yakan kwaikwaye shi su yi ta dariya.

Ta juya a hankali. Yaya na tsaye a jikin taga, ta naɗe bandejin nan ta warware ya fi sau goma.

"Yaya."

"Na'am."

"Zo ki karanta min wannan layin."

"Idona na ciwo, Auta."

"Zo ki karanta min, na ce!"

Yaya ba ta zo ba. Sulalewa ta yi a jikin bango ta zauna a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa ta fashe da kuka.

"Wallahi ban san abin da za su yi ba! Cewa ya yi in ba shi lambar zai duba ko kin cika na wata mai zuwa. Ubana ne, Auta, zan hana shi? Sai daga baya na gan su a falo shi da Wakili, sun haɗa kai a kan waya."

"Ta yaya suka san ranar da za a zo? Ba wanda ke sanin ranar."

"Ba su sani ba. Wakili ne ya ce gab da babbar gasa dole a zo." Yaya ta ja majina. "Kullum in kin duba da yamma kin ajiye waya, sai Baba ya canja zuwa sansani. Da safe in bakwai ta wuce sai ya mayar gida. Haka ya yi ta yi har masu gwajin suka faɗa tarkon."

"Kwana nawa?"

"Auta..."

"Kwana nawa, Yaya?"

"Sha tara."

Kwana goma sha tara! Kuma kowace safiya a cikinsu tare suke zama a falo. Ita tana kan tabarma tana miƙa jijiya, kunnenta a ƙofa, shi yana kan kujerarsa yana shan shayi yana duba agogo. Har yaba mata yake yi, yana cewa, "Haka nake so, yanzu kin yi hankali." Ita kuma daɗi na kashe ta, tana ganin ta faranta wa ubanta rai.

Ta ruga banɗaki. Duk abin da ta ci da rana sai da ya dawo.

Da ta fito Yaya ta rarrafo ta riƙe mata riga.

"Sun ce ba abin da zai same ki, takarda ɗaya ce a sa hannu shi ke nan. Wai don a raba ki da Zomo ne kawai. Baba na ganin in kika aure shi za ki bar gudu, ki bar shi. Wakili kuwa ya yi masa alkawari in shi kika aura, za ki ci gaba da gudu a hannun Baba."

"Wato sun raba ni ke nan. Wannan ya ɗauki ƙafa, wancan ya ɗauki sauran."

"Ki rufa mana asiri, don girman Allah. Ki sa hannun, ko ki ce ke kika yi kuskure, amma kada ki ambaci Baba. In suka sani za su hana shi horarwa har ƙarshen rayuwarsa. Me zai yi in ba fili? Ga hawan jini. Kashe shi za ki yi, Auta."

"Ƙwallar da ya zubar ɗazu fa? Ita ma tare suka shirya ta?"

"Yana son ki. Wallahi yana son ki, hanyar ce bai iya ba. Ni ma ai ya hana ni wanda nake so, na haƙura. Ga ni nan, na mutu ne?"

Auta ta dubi yayarta, shekara talatin da huɗu, zaune a ƙasan ɗakin otal tana kare mutumin da ya mai da ita mai riƙon jaka. Tausayi da takaici suka kama ta.

"Ban sani ba, Yaya," ta ce. "Rabon da in ga kin yi dariya har na manta."

Ta sa rigar atisaye, ta ɗaure takalmi, ta ɗauki takardun biyu ta fita. Lokacin huɗu saura minti ashirin.

A dogon barandan da ke kaiwa ɗakin taro ta same shi. Yana zaune a kan benci shi kaɗai, ya kifa hula a kan gwiwa, dogayen ƙafafun nan nasa a miƙe. Da ya gan ta ya miƙe, ya yi murmushin da bai yi kama da nasa ba.

"Me ya sa ka kashe waya?"

"Don na san in na ji muryarki ba zan iya ba."

"Ba za ka iya me ba?"

Ya murza hular a hannunsa. "Wakili ya zo wurina da safe, ya nuna min wasiƙar. Ya ce in dai wani ya amsa laifin da kansa, ba sa tsananta bincike. Na rubuta, Auta. Na miƙa wa jami'ar tun ƙarfe uku. Ba sai kin sa hannu a komai ba ma. Za ta tambaye ki ko haka ne, ki ce eh, gobe ki shiga fili."

Ta tsaya tana kallonsa, bakinta a buɗe.

"Ka rubuta cewa kai ne?"

"Eh."

"Ka karanta shafi na biyu?"

Ya kawar da kai. "Na karanta."

"Ka gane mai rubutun?"

"Wa zai kasa ganewa?"

"Ka gane, kuma ka ɗauka?"

"Mahaifinki ne!" Muryarsa ta tsinke. "Ya kike so in yi? In tsaya in nuna shi da yatsa? Ni me zan rasa? Shekarata talatin da biyu, saura kakar wasa biyu ko uku ƙafar ta ƙi. Ke kuwa gobe ce taki. Na ga yadda kika shanye kwanar ƙarshe jiya, ba wadda za ta kama ki a cikinsu. Shekara goma sha ɗaya, Auta. Ba zan zauna ina kallo a ƙwace miki ba."

Hawaye suka zubo mata, amma ba na godiya ba ne. Wani irin takaici ne da ba ta taɓa zaton za ta ji a kansa ba.

"Ka tambaye ni?"

"Me?"

"Ka tambaye ni abin da nake so? Baba ya zauna ya yanke yadda za a yi da ni. Wakili ya zauna ya yanke. Yanzu kai ma ka zauna ka yanke, har da kashe waya don kada in sa baki. Ku uku, babu wanda ya ce Auta ya kike gani. Kai da nake ganin ka fita daban!"

"Don ke na yi."

"Shi ma Baba haka zai ce."

Can ya ce, a hankali, "Na yi tunanin in ya ga na ɗauke masa wannan, wataƙila zuciyarsa ta sauko. Wataƙila ya gane ni ba..."

"Ya ba ka ni?" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Wayyo Allah, Zomo! Kai da ka iya lissafin daƙiƙa, wannan ne ya gagare ka? Gobe duk jaridun duniya za su buga cewa kai ne ka so ka kashe min rayuwa, da sa hannunka a ƙasa. Wane uba ne zai ba ka 'yarsa bayan wannan? Ko ni na ce ina so, cewa za a yi asiri ka yi min. Abin da suke nema ke nan tun farko, kai kuma ka ɗauka ka kai musu har gida."

Ya koma kan bencin a hankali. Ta ga lokacin da maganar ta shige shi, domin hular ta suɓuce daga hannunsa bai ma sani ba.

"To ya za mu yi?" ya ce.

Ƙofar lif ta buɗe, turaren ya iso, sannan masu shi. Baba ya dubi Zomo kamar yadda ake duban abin da aka taka a hanya, ya wuce. Wakili kuwa har da dafa masa kafaɗa.

"Ka yi abin kirki, ɗan'uwa. Allah zai saka maka."

Auta ta wuce su ta shiga ɗakin.

Ɗakin taron ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru shida, da jug ɗin ruwa da ba wanda ya taɓa. Jami'ar dattijuwa ce mai furfura da gilashi, ta jera takardu a gabanta, ta kunna 'yar na'urar ɗaukar murya. Ta nuna wa Auta kujerar da ke fuskantarta. Baba da Wakili suka tsaya a bayanta, Zomo ya raɓe a bakin ƙofa.

"Abin ya zo da sauƙi," jami'ar ta ce. "Wannan bawan Allah ya rubuta cewa shi ya shiga manhajarki ya canja adireshin, ba da saninki ba. In kin tabbatar, zan ba da shawarar a bar ki ki yi tseren gobe. Tambaya ɗaya ce. Abin da ya rubuta gaskiya ne?"

Ta tagar ɗakin ana hango rufin filin wasa, da tutoci suna kaɗawa. Auta ta san layin da aka ba ta gobe, na biyar. Ta san inda za ta matsa ciki, ta san inda za ta buɗe wuta. Ta yi wannan tseren a cikin kanta ya fi sau dubu. Kalma ɗaya ce tsakaninta da shi, kuma Allah ya sani tana son sa har cikin ƙashinta.

Hannun Baba ya sauka a kafaɗarta, ya ɗan matsa, kamar yadda yake yi mata kafin ta shiga fili.

Tsigar jikinta ta tashi. Ta zame kafaɗar.

"Ba gaskiya ba ne," ta ce. "Ba shi ba ne."

"Auta!" in ji Wakili. "Yarinyar nan a gajiye take, ranki ya daɗe, tun jiya ba ta..."

"Ba da kai nake magana ba," jami'ar ta katse shi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dubi Auta ta saman gilashi. "'Yata, ki fahimce ni da kyau. In ba shi ba ne, maganar ta dawo kanki. Ba za ki yi gudu gobe ba, sai mun gama bincike, kuma bincikenmu ba na kwana ɗaya ba ne. Kin gane?"

"Na gane."

"Ke kika canja?"

"A'a."

"To kin san wanda ya canja?"

A bayanta ta ji numfashin Baba yana fita da ƙyar.

"Autata," ya ce, can ƙasan maƙoshi. "Ni ne fa ubanki."

Hawaye suka gangaro mata har cikin baki, ba ta share ba, ba ta kuma waiwaya ba.

"Na san shi," ta ce. "Shi ya haife ni. Ga shi nan tsaye a bayana."

Jami'ar ta cire gilashinta ta ajiye. Ta ture takardar Zomo gefe, ta buɗe sabon shafi, sannan ta sa ƙafa ta turo kujerar da ke kusa da ita.

"Malam koci," ta ce, "zauna."